Wata Tara a Tashar Jiragen Papa Tete

Sai da muka tsallaka iyakar Aflawo muka shiga ƙasar Gana na fara zargin mutumin da ya kawo mu. Mu huɗu ne mata, ni kaɗai daga Zuru, sauran ukun daga wajen Kwantagora. Mista Sule ya ce mana sunansa, kuma shi ne ya yi mana alkawarin aikin ɗaki da na kicin a wani babban otal a Akra. Tun daga Legas yana gaban mota, yana amsa waya, yana dariya, yana saya mana burodi da ruwan leda. A Aflawo ya sa mu a wata motar, ya miƙo mini takarda mai adireshi, ya ce zai tsaya ya ƙarasa da jami'an iyaka, mu je yana biye da mu. Har yau ban sake sa shi a ido ba.

Sunana Rahila. Mijina soja ne, ya rasu a bakin aiki, ya bar ni da ɗiya ɗaya, Kande. Da zaman bariki ya ƙare mana, na kwashe kayana na koma gidan Inna, mahaifiyata, a Zuru. A bariki na saba sayar da atamfa ta waya. In ɗauki hoto, in sa a shafina da guruf ɗin matan sojoji, mai so ta yi magana. A gida abin bai tafi ba, don mutanenmu sai sun taɓa zane da hannu, sun ɗaga shi a rana, kafin su ce suna so. Shekara biyu ina wannan zaman. Shi ya sa da maganar otal ta zo ban tsaya dogon bincike ba. Na bar Kande a hannun Inna, tana da shekara tara.

Adireshin da ke cikin takardar ya kai mu wani shagon facin taya. Mai shagon ya duba takardar, ya dube mu, ya girgiza kai. Ya ce mu ne rukuni na uku da suka zo masa da ita. Muka kira lambar Mista Sule, a kashe. Abokan tafiyata suna da wata gwaggo a Kumasi, suka ce in bi su. Na ƙi, don ban ga yadda zan ƙara zama nauyi a kan matar da ba ta san ni ba. Muka rabu a tashar mota da rana tsaka. Na zauna a kan jakata, na rufe fuska da gyale, na yi kukan da ban yi ba tun ranar jana'izar mijina.

Ina cikin haka na ji an ce da Hausa, "Kai, me ya same ka kake kuka?"

Na waiga in ga namijin da ake yi wa magana. Babu kowa sai ni. Wata mata ce mai jiki, tana zaune a bayan babbar tukunyar wake da shinkafa, ludayi a hannunta, ni take kallo. Daga baya na gane Hausar zangon Gana ke nan, mace da namiji duk "kai" ne. Ni da 'yan Sakkwato ke yi wa dariya in na yi Hausa, don C'lela ne yaren da na sha a nono, sai ga ni ina jin Hausar wata tana ba ni dariya a tsakiyar kuka. Zan rubuta maganarta da irin tamu don kada in rikita mai karatu.

Sunanta Mma Memuna. Ba ta tambaye ni komai ba sai da na cinye abincin da ta zuba mini. Da na ba ta labari ta ce, "Ba ke ce ta farko ba. Tashi ki wanke mini kwanukan nan, in an tashi mu tafi gida."

Mako uku na yi a ɗakinta a zango, unguwar Hausawa. Ita Musulma ce, ni Kirista. Ranar Lahadin farko da kanta ta riƙe hannuna ta kai ni ƙofar wani coci, ta ce za ta dawo ɗaukata in an tashi, don kada in ɓata. Abincinsu da daɗi, amma barkono ya yi mini yawa, kuma duk abin da na ci sai in ji tuwon dawa da miyar kuka nake so. Abin da ya fi damuna shi ne Inna. Kullum tana kira tana tambayar aiki. Wata rana na sa rigata mai kyau, na je gaban wani otal da ban taɓa shiga ba, na roƙi mai gadi ya ɗauke ni hoto, na aika mata. Ta ce Allah shi yi albarka. Na dawo zango ina jin kamar na yi sata.

Akwai wani tsoho da kan zo cin abinci wurin Mma Memuna duk lokacin da ya shigo Akra sayen kayan inji. Papa Tete ake kiransa. Dogo ne, kunnensa ɗaya ba ya ji, ya yi shekaru yana aiki a manyan jiragen ruwa. Ya ce yana neman mai dafa abinci da wanke jirage a wurinsa, a garin Ada, inda kogin Bolta ke shiga teku. Mma Memuna ta nuna ni da ludayi.

"Ga ta nan. Ba ta da ƙiwa, ba ta da dogon hannu. In ka cuce ta, kada ka sake zuwa cin abincina."

Da Turancin bariki na yi magana da shi. Ya tambaye ni ko na iya iyo. Na ce a'a. Ya ce to, in dai ba na son ruwa, ba zan faɗa ciki ba.

Wurin nasa shi suke kira marina, wato tashar ƙananan jiragen ruwa na shaƙatawa. Gadar katako ce doguwa ta shiga cikin kogi, jirage a ɗaure hagu da dama, sai rumfar gyaran inji, da kicin, da ɗan ɗakin da aka ba ni. Yawancin jiragen na masu hali ne daga Akra, sun bar su a hannun Papa yana kula da su, su zo ƙarshen mako su hau. Uku ne nasa, su yake ba da haya ana kai baƙi yawo cikin tsibirai har kusa da bakin teku. Ni da na tashi a gindin duwatsu, ruwan da na sani shi ne rafin damina wanda ake tsallakawa da zane a naɗe. Ranar farko da na taka gadar nan na ga ruwa yana motsi ta tsakanin katakai, sai na durƙusa na ƙarasa da rarrafe. Kwaku, direban jiragen haya, ya yi dariya har da riƙe ciki.

Ban yi wata biyu ba na gane wurin yana mutuwa. Duk aikin tashar yana kan wani baƙin allo a jikin rumfa. Papa ya rubuta da alli wa zai zo, wane jirgi, ƙarfe nawa. In an yi ruwan sama mai iska rabin rubutun ya goge. Sau biyu na ga iyali biyu sun zo wa jirgi ɗaya a lokaci ɗaya, aka yi ta cacar baki. Baƙi kuwa sai abin da 'yan kamasho suka kawo daga mararrabar gari, su kuma sun koma kai mutane wata sabuwar tasha mai kiɗa da fitilu. Wata Asabar na dafa abincin mutum ashirin, mu uku muka ci. Sai wani mai jirgi ya zo bayan dogon lokaci, ya tarar ruwan sama ya taru a cikin jirginsa, kujeru sun yi funfuna. Bai ɗaga murya ba, ya dai turo mota aka janye jirgin. Da yamma Papa ya zauna a bakin gada ya ce mini in masu jirgi biyu suka ƙara tafiya zai sayar wa masu otal filin, ya huta.

In ya sayar, ni ina za ni?

Da safe nakan ɗauki hoton kogi kafin in fara aiki, don in aika wa Kande. Wata rana na sa ɗaya a tsohon shafina na atamfa. Rana ce ta fito ta bayan itatuwan kwakwa, jirage a jere, ruwa ya kwanta luf. Kafin azahar mutum huɗu sun tambaye ni ina ne nan, har da wata da ban sani ba. Na wanke hannu na je na sami Papa ta wajen kunnensa mai ji.

"Papa, ka ba ni izini in buɗe wa tashar nan shafi."

"Shafin me?"

Na nuna masa. Ya riƙe wayar nesa da fuskarsa, ya ƙanƙance ido.

"Wanda ke son jirgi zai zo da ƙafarsa," in ji shi. "Haka ake yi tun kafin a haife ki."

"Ba su san muna nan ba, Papa. A mararraba ake tare su."

Ya miƙo mini wayar, ya ce in yi, amma kada abinci ya ƙone.

Na buɗe shafin. Na sa tashar a kan taswirar waya yadda mai mota zai biyo har ƙofarmu ba tare da ya tambayi kowa hanya ba. Na riƙa sa gajerun bidiyo: Papa yana ɗaure igiya, masunta suna jan taru, kifin da na gasa. Mako biyu shiru, sai masu cewa ya yi kyau. A na uku wasu ma'aikatan jinya daga garin Tema suka rubuto suna son jirgi ranar Asabar. Na karanta saƙon ya fi sau biyar. Suka zo su tara, suka yi ta ɗaukar hoto, suka sa a nasu shafukan, suka ambace mu. Daga nan waya ta fara ƙara.

Na mayar da abin da ke kan allo cikin kalandar waya, kowane jirgi da launinsa. Mai son zuwa ya biya wani abu ta waya tun daga gida, don kada a riƙe masa jirgi ya ƙi zuwa. Masu jiragen da muke ajiye wa kuwa na haɗa su a guruf ɗaya. Kowace Juma'a da safe in ɗauki hoton jirgin kowa, ciki da waje, Kwaku ya tayar da inji in ɗauki bidiyo, in aika. Wani likita da ya riga ya ce zai janye nasa ya rubuto cewa shekara uku bai san halin da jirginsa ke ciki ba sai yanzu, ya fasa.

Akwai kuma manhajar da ke nuna lokacin da ruwa zai cika da lokacin da zai janye zuwa teku. Papa bai yarda da ita ba. Mako guda yana gwada ta da wata sanda da ya kafa a gindin gada. A ƙarshe ya ce, "Abin nan naki ya san ruwa. Iska ce bai sani ba." Daga ranar kowace safiya sai ya tambaye ni me waya ta ce, sannan ya ɗaga kai ya dubi sama, ya yanke nasa hukuncin.

Kwaku ne bai ji daɗin canjin ba. 'Yan kamashon mararraba abokansa ne, kuma yana samun ɗan rabonsa a wurinsu. Ya sa mini suna Madam Waya. Da na ce duk direban da zai fita ya kunna abin da ke nuna inda yake a taswira, sai ya ce shi ba akuya ba ne da za a ɗaura wa igiya, kuma baƙuwar da ke rarrafe a kan gada ba za ta koya masa kogin da aka haife shi a bakinsa ba. In zai fita sai ya ajiye wayarsa a rumfa da gangan, a inda zan gani. Ban kai ƙara ba. Baƙuwa ce ni, takarduna ma ba su cika ba, ban so rigima.

Cikin damina Inna ta kira ni da yarenmu, muryarta ba yadda na saba ji ba. Ɗaya daga cikin matan Kwantagora ta koma gida, labarin Mista Sule ya bi bakin 'yan kasuwa har ya iso Zuru. Baba Bitrus, yayan mijina, ya taso daga Dirin Daji ya zo gidanmu. Ya ce tun da uwar yarinya ta ɓace a ƙasar wasu, ba a san aikin da take yi ba, zai ɗauki Kande ta koma dangin ubanta. Inna ta roƙe shi, ya ce ya ba ni zuwa bayan girbi in zo in yi bayani da bakina.

Na ce, "Inna, ki gafarce ni. Hoton nan na otal, ƙarya na yi miki."

"Na sani tun ranar," in ji ta. "Wadda ke aiki a wuri ba ta tsayawa a wajen ƙofa da jaka a kafaɗa. Na yi shiru ne don kada in ƙara miki nauyi."

Na gaya mata gaskiyar komai, da tashar, da Papa. Ta saurara, ta ce in riƙe aikin da kyau, amma in sani Bitrus ba ya magana biyu. Bayan wayar na kasa cin abinci kwana biyu. Me zan nuna masa? Ba ni da takardar aiki, ba ni da takardar zama, sai shafi a waya.

Wata Asabar cikin watan goma wata malamar makaranta daga Akra, Madam Efuwa, ta zo da mijinta, da surukarta tsohuwa, da 'ya'yanta mata biyu. Ta waya muka yi duk magana da ita tun farkon mako. Kwaku ya fita da su bayan sun ci abincin rana. Wayarsa tana kan teburin rumfa kamar kullum.

Wajen ƙarfe uku ina goge kujeru sai saƙon murya ya shigo. Madam Efuwa ce, tana ƙoƙarin danne muryarta saboda yara. Ta ce inji ya mutu, direba ya ce zai gyara amma ya daɗe yana fama. Ya jefa ƙarfen tsayar da jirgi, igiyar ta tsinke. Jirgin yana tafiya da kansa, kuma ta fara jin ƙarar teku.

Na duba manhaja. Ruwa yana janyewa, kuma lokacin ne ya fi ƙarfi. Duk wanda ya zauna a Ada ya san abin da ke bakin kogin nan, inda ruwan daɗi ke karo da na gishiri. Masunta masu manyan kwalekwale ma suna shakkar wurin.

Na kira ta. Na ce, "Madam, ki saurare ni. Ki buɗe inda muke hira, ki danna alamar da ke ƙasa, ki zaɓi abin da ke nuna inda kike, wanda ke motsawa in kin motsa. Kowa ya sa rigar hana nutsewa." Can sai ga ɗigo shuɗi ya fito a taswira, yana matsawa a hankali ta bayan wani tsibiri.

Na ruga wurin Papa. Ya dubi wayar, ya ce ba ya ganin komai, tabaraunsa yana gida. Hanyoyin ruwa tsakanin tsibiran nan suna da yawa, in ya bi wadda ba ita ba, kafin ya juyo an makara. Ya kwance jirgi mafi sauri, ya jefo mini riga.

"Shiga."

"Papa, ni?"

"Ke ce idona. Shiga."

Wata bakwai ina wanke jirage a ɗaure, ban taɓa yarda an tayar da ɗaya ina ciki ba. Na shiga, na zauna a ƙasa, na manne bayana da kujera, na riƙe wayar da hannu biyu. Da ya ba inji wuta sai gaban jirgin ya ɗaga. Ban dubi ruwa ba ko sau ɗaya, ɗigon nan kawai nake kallo. Ina ihu ta wajen kunnensa mai ji: hagu, Papa, ka bar wannan tsibirin a dama, gaba, gaba. Ina yi ina addu'a da yarenmu.

Muna tsakiyar hanya ɗigon ya tsaya cik. Sabis ya ɗauke a wajensu. Na kira, ba ta shiga. Na ce, "Papa, ya tsaya, ban san inda suke ba." Ya rage gudu, ya ce in gaya masa daidai inda ya tsaya. Na kwatanta masa, ƙarshen dogon tsibiri, kusa da wani tudun yashi. Ya dubi yadda ganyaye ke tafiya a kan ruwa, ya ɗan yi lissafi a ransa.

"In daga nan ne, ruwa ba zai bi da su tsakiya ba. Gefen yamma zai ja su."

Ya karya kan jirgin ya bi wata siririyar hanya da ko a taswira da ƙyar ake ganinta. Muna fitowa daga cikinta na ɗaga kai a karon farko. Ga su can. Kwaku yana tsaye yana tuƙi da wani katako da ya ɓalle daga kujera, mijin Madam yana taya shi da murfin kula. A bayansu kuwa, ba nisa, farin kumfa ne ya yi layi daga wannan gaɓa zuwa waccan, yana tashi yana faɗuwa da ƙara kamar ana sauke duwatsu daga tifa.

Papa ya zagaya ta gabansu. Ba zai iya sakin sitiyari ba, don haka ni ce zan jefa igiya. Na miƙe a kan gwiwa na jefa, ta faɗa ruwa. Na jawo ta, na sake jefawa da duk ƙarfina, Kwaku ya cafe. Ya ɗaure, ya ɗaga hannu. Igiyar ta miƙe, injinmu ya yi gurnani, na ɗan lokaci kamar ba ma gaba ba ma baya. Sannan a hankali ƙarar tekun ta fara komawa bayanmu.

Da muka iso gada, tsohuwar nan surukar Madam ta kama fuskata da hannu biyu tana magana da yarensu, ban ji ko kalma ɗaya ba. Na bari suka shiga mota, sannan na koma bayan kicin na amayar da duk abin da na ci. Na zauna a ƙasa ina dariya ina hawaye. Papa ya zo ya ajiye mini kofin ruwa, ya tafi.

Washegari da safe Kwaku ya same ni ina shara. Ya ce bututun mai ne ya tsage, ya ga alamarsa tun ranar Alhamis, ya ɗauka zai kai ƙarshen mako. Sai ya miƙo mini wayarsa.

"'Yar'uwa, kunna mini abin nan. Ki nuna mini yadda ake yi."

Abin da na fi tsoro shi ne abin da Madam Efuwa za ta rubuta, don shafin da ya kawo mana mutane shi ne zai iya korar su a yini ɗaya. Ranar Litinin ta rubuta. Ba ta ɓoye komai ba, ta ce inji ya mutu, igiya ta tsinke, ta ji tsoron da ba ta taɓa ji ba. Ta kuma faɗi yadda aka amsa kiranta nan take, da yadda aka zo. Na roƙi Papa mu amsa a fili. Muka ba da haƙuri, muka faɗi abin da muka canza: an sake igiyoyi duka, babu jirgin da zai fita sai an duba inji an turo hoto, kuma kowane direba da wayarsa a cikin leda mai hana ruwa, a kunne. Wasu sun soke zuwansu a makon. Waɗanda suka zo bayan haka sun fi su yawa, kuma da dama sun ce amsar da muka bayar ce ta sa suka yarda da mu.

A ƙarshen watan Papa ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya ce in shirya. Ya kai ni ofishin shige da fice, ya tsaya a matsayin mai ba ni aiki, muka yi ta zarya har takarduna suka fito. A takardar aikin ya sa a rubuta manaja. Ya ɗauki wata matar gari ta karɓi kicin. Da na gaya masa maganar Kande, ya ce me ya sa ban faɗa tun da wuri ba. Ya nuna mini ɗaki biyu a gidan ƙanwarsa, nesa da ruwa, kusa da makaranta.

Na iso Zuru an gama girbi, dawa a tare a kowane gida. Tun daga nesa na hango duwatsunmu. Inna ta tsufa fiye da yadda waya ke nuna mini. Kande ta yi tsawo, ta gaishe ni da ladabi kamar baƙuwa, ta koma bayan kakarta. Ina zaune a tsakar gida ina amsa masu neman jirgin Kirsimeti, ina cika kalanda, tana leƙowa daga nesa.

Kwana uku bayan haka Baba Bitrus ya zo a kan babur. Aka shimfiɗa masa tabarma a gindin mangwaro. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye takarduna a gabansa. Ya sa aka karanta masa, ya jinjina kai.

"Maman Kande, ba don ƙiyayya na ce zan ɗauke ta ba. Ita kaɗai ƙanena ya bari. In wani abu ya same ta, me zan ce?"

"Na sani, Baba."

"Takarda kowa na iya bugawa. Wanda ya cuce ki ma takarda ya ba ki. Ina son in ga mutumin."

Na kira Papa ta bidiyo. Ya fito da tabarau a hanci, yana ihu kamar yadda ya saba. Ya zagaya da wayar ya nuna tashar, ya sa Kwaku ya kai shi gidan ƙanwarsa a babur, ya nuna ɗakunan, ya nuna ƙofar makaranta. Ina fassara tsakaninsu. Baba Bitrus ya riƙe wayar da hannu biyu, ya daɗe yana kallon kogin.

"Tambaye shi," in ji shi, "in yarinya ta faɗa wannan ruwa fa?"

Na tambaya. Papa ya ce ba za ta taka gada ba sai ta iya iyo, kuma shi da kansa zai koya mata, a wuri marar zurfi, kamar yadda ya koya wa jikokinsa. Ya ƙara da cewa uwarta ma lokaci ya yi da za ta koya.

Baba Bitrus ya yi murmushi a karon farko. Ya miƙo mini wayar, ya share ido da bakin rigarsa.

"Ki tafi da ita. Amma kowane dogon hutu a Dirin Daji za ta yi shi, ta san gonar ubanta."

"Na yarda, Baba. Na gode."

Da ƙarar babur ɗinsa ta ɓace, na miƙe na naɗe tabarmar da ya zauna a kai. Na zauna a kan turmin Inna da ke kife, na sauke numfashin da nake jin na riƙe shi tun damina. Sai na ji mutum a kusa da ni. Kande ce. Ta tsaya tana murza bakin zanenta, sannan ta zauna a ƙasa ta jingina kanta da gwiwata.

"Mama," ta ce, "in mun je, ni zan riƙa ɗaukar hoton jiragen."

Na sa mata wayar a hannu, na ce ta fara da kakarta.